Ramin Gashin Kaza

Shekara sha tara ina figar kaji
a gindin darbejiyar Kwanar Gafan.
Rabin duro ɗaya, ruwan zafi ɗaya,
tun hantsi har la'asar sakaliya.
Kaza ta arba'in takan yi wanka
a ruwan da ta farko ta bari.
Ban taɓa ganin aibun haka ba.

Ranar sunan jikan Tabawa
kaji sha biyu na gyara.
Delu ta leƙo da kwandon latas,
ta ce, "Ilu, ara mini wuƙa, tawa ta dakushe."
Na goge ta a gefen riga,
na haɗa mata har da katakona.

Kashegari da dare
gida bakwai ba wanda ya runtsa,
buta ba ta ga hutu ba.
Autata Gwamma idanunta suka faɗa,
a bayan babur muka kai ta Kura,
leda uku ta sha kafin ta kira sunana.

Sai ga Uwani duba-gari a rumfata.
Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Fatar kaza ta ɗaga wa rana:
"Dubi inda ka tuge gashi.
Kowane gashi ya bar rami.
A ruwan nan naka mai ɗumi
ƙwayar cuta ke shigewa ta kwanta.
Kana ɗauraye bangon waje,
ita tana can ƙuryar ɗaki."

Na ce, "Ai sau biyu nake wankewa."

Ta ce, "Ka san kaska a kunnen sa?
Ka san ƙarangiya a bakin zane?
Haka take kama fata ta maƙale.
In ta kwana sai ta kira dangi,
su lulluɓe kansu da yauƙi
irin santsin cikin randa
wadda ta yi mako ba a cuɗa ba.
Zuba ruwa ba ya fitar da santsi, Ilu,
sai soso."

Ta sa farce a tsagar katakona,
ta fito da baƙin abu mai ƙarni.
Na kawar da kai.

Daga nan ta gangara fadama
wurin yayana Tanko mai latas.
Ɗanyen kashin kaji yake watsa wa ganye,
ya bi shi da ruwan kanal.
Ta buɗe lanƙwasar ganye ɗaya,
ta nuna masa cibiyar tumatir,
da tsagar da rana ta yi masa.
"Nan ma ɗakunanta ne.
Tara takin ya yi zafi ya ruɓe
kafin ya ga gona."
Tanko ya ce tun kakanninmu.
Ta ce, "Kakanninku ba su ci latas ba."

Katakon nan na faskara shi,
shi ya tafasa ruwan ranar.
Yanzu wuƙata biyu,
mai jan zare ta nama ce,
ko uwata ba na ara wa.
Kaza goma, in zubar da ruwa,
in ɗebo sabo a burtsatse.
Sabulu na rataye a igiya
kusa da inda nake karɓar kuɗi.

Itace ya ƙaru, riba ta ragu,
masu jira suna tsaki.
In miƙa kaza in ce, "Hajiya,
a dafa ta har ƙashi,
kada a bar ja a gindin cinya,
kada ruwanta ya ɗiga a ganye."
Wata ta ce na zama likita.

Tanko har yanzu muna ja da shi,
ko da yake na ga tarin taki
yana hayaƙi a bayan bukkarsa.

Jiya Gwamma ta kawo mini fura.
Ta tsaya tana kallon fatar kaza,
tana ƙirga ramukan da yatsa.
Ta kai talatin, lissafi ya ɓace mata.
Na ce, "Je ki wanke hannu."